Idan Likitan Yara Ya Ajiye Aiki, Alhakin a Wuyan Wa?

Duk sa'ad da aka sanar a rediyo cewa likitoci sun shiga yajin aiki, ko aka ji wani ƙwararren likita ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya nufi Ingila ko Saudiyya, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a a majalisu da tashoshin mota, wato waɗannan mutane ba su da imani. In kuwa likitan na yara ne, to tsinuwar sai ta ninka. Ba za mu yi gaggawar cewa masu wannan magana sun zaƙe ba, domin da yawansu ba a littafi suka karanta abin ba, wani ya taɓa rungumo ɗansa yana suma ya isa ƙofar asibiti ya tarar ba mai duba shi. Amma da yake aikin mai alƙalami ne ya tsaya ya auna maganar da kowa ya riga ya haɗiye, ya kamata mu tambayi kanmu: yaron da ya mutu don babu likita, alhakinsa a wuyan wa yake?

Sanin kowa ne cewa ciwon yaro ba ya jira. Babba yana iya lallaɓa hawan jininsa na makonni, ya sayi ƙwaya a kemis, ya yi ta maneji har a sasanta. Jariri ɗan wata takwas kuwa, gudawa da amai na iya ƙarar da ruwan jikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Zazzaɓin cizon sauro in ya tsananta yakan shanye jinin yaro ko ya taɓa ƙwaƙwalwarsa kafin uwa ta gama neman kuɗin mota. Bakwainin da ke kwance a kwalba, ɗauke wuta na 'yan sa'o'i ya isa. Bugu da ƙari, yaro ba ya jefa ƙuri'a, ba shi da ƙungiya, ba ya zanga-zanga, ba ya rubuta wa jarida wasiƙa. Duk wata rigima da za a yi tsakanin hukuma da ma'aikata, shi kaɗai ne ba a ba kujera a wurin sulhu, kuma a jikinsa ake biyan kuɗin jinkirin.

Saboda haka hujjar masu zargin likita ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata mu rage mata ƙarfi ba. Suna cewa wannan mutum da kuɗin jama'a ya yi karatu, shekara 6 a jami'ar gwamnati, ya koyi aiki a jikin 'ya'yan talakawa, ya yi rantsuwa cewa lafiyar majinyaci ita ce gaba da komai. Suna tuna mana yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na 2021, wanda ya fara a farkon Agusta bai ƙare ba sai farkon Oktoba. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san wane lokaci ne wannan: tsakiyar damina, sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, ɗakunan yara sun cika da masu zazzaɓi da masu tamowa. A 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 15,000 zuwa 16,000 ne suka bar Nijeriya cikin shekara biyar. Wannan fushin ne ya haifi ƙudirin da aka kai Majalisar Wakilai a 2023, mai neman a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara 5. Ƙudirin bai zama doka ba, amma mutane da yawa sun tafa masa.

To, mai karatu, a nan ne muke ganin akwai wata tsohuwar ƙa'ida da za ta haska mana hanya. Malaman fiƙihu sun raba wajibi gida biyu, akwai wanda ya hau kan kowane mutum shi kaɗai, akwai kuma na kifaya, wanda ya hau kan al'umma baki ɗaya, in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kuwa aka rasa mai yi, kowa ya shiga laifi. Imam Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin wannan kashi na biyu. Mu dai yadda muka saba fahimtar abin shi ne, da zarar wani ya karanta likitanci, shi ke nan ya sauke mana, mu koma harkokinmu. Amma mene ne ainihin abin da ya wajaba? A ganinmu abin da ya wajaba shi ne yaro ya sami magani. Samun mutum mai takardar shaida sashe ne kawai na wannan. Sauran sassan su ne iskar oksijin, da jinin da aka gwada, da ruwan da za a ƙara, da wutar da ba ta ɗaukewa, da nas da za ta kwana a kan yaron, da albashin da zai sa su duka su dawo gobe. Muddin waɗannan ba su samu ba, wajibin bai sauka daga kanmu ba, ko da likitan yana tsaye a ɗakin sanye da farar rigarsa.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, aka rasa yara aƙalla 400. Likitocin ƙungiyar MSF sun zo, maganin da ke fitar da dalma daga jini yana hannunsu. Amma a garin Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka, inda aka ƙiyasta yara kimanin 1,500 na cikin haɗari, ba su iya fara ba da maganin ba, domin in ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ke tsakar gidaje ba, yaron da aka wanke wa jini gida zai koma ya sake kwasar gubar. Kwashe ƙasa kuwa aikin kuɗi ne, kuma kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ba su fito ba sai a farkon 2013. Ga likita, ga magani, ga yara, babu yajin aiki, babu wanda ya gudu Turai, amma aka yi ta jira. Wa za mu ce ba shi da imani a nan?

In mun ɗaga kai daga Bagega muka dubi ƙasa baki ɗaya, labarin bai sake ba. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Mai masaukin baƙin kanta ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, rabon lafiya a kasafin tarayya akasari tsakanin kashi 4 ne da kashi 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita, ma'ana uban yaro ne ke sayen allura da safar hannu kafin a taɓa ɗansa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara 5, a Arewa maso Yamma kuwa 187 ne. Su kuma likitocin da suka yi yajin 2021, cikin kokensu har da albashin sababbin likitoci da aka riƙe na watanni, da alawus na haɗarin aiki wanda a lokacin Naira 5,000 ne a wata. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna mana fuska biyu ta wannan al'amari. A 2006, zamanin Shugaba Mamadou Tandja, aka ayyana cewa maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Iyaye mata suka yi tururuwa zuwa asibitoci, kuma wannan mataki, haɗe da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa da buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, ya taimaka wajen saukar da mutuwar yara daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai tsarin ya ginu ne a kan asibiti ya yi aiki, gwamnati ta biya shi daga baya, biyan kuwa ya riƙa makara, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Sai ka ga uwa ta ji a rediyo an ce kyauta, ta zo an miƙa mata takarda ta je ta sayo a waje. Wa za ta kira ɓarawo? Wanda ke gabanta mana, domin wanda ya riƙe kuɗin ba ta san ofishinsa ba.

Kada a ɗauka duk wannan wanke likita muke yi fes. Ƙa'idar da muka ɗauko tana da kaifi biyu, domin malamai sun ce wajibin kifaya yakan koma na mutum ɗaya idan babu mai iya yi sai shi. Yaron da aka shigo da shi yana fizge-fizge, numfashinsa na sama-sama, kuma kai kaɗai ne a wurin da ka san abin yi, to a wannan sa'a ba batun kasafi ake ba, naka ne. Ita ma dokar 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Don haka mu a ra'ayinmu, yajin aikin da ya rufe wurin ganin likita na yau da kullum yana da uzuri, in an bi duk wata hanya ta gagara, amma wanda ya kai ga rufe ɗakin gaggawa na yara da na jarirai ba mu ga abin da zai halatta shi ba, komai gaskiyar koken. Wanda ake so ya ji zafi ba 'ya'yansa ne ke kwance a can ba. Yaron da ke kan gadon bai riƙe albashin kowa ba.

Batun ƙaura ya fi wannan wuyar yankewa. Likita mutum ne mai iyaye da 'ya'ya, kuma fannin yara ba fannin tara dukiya ba ne, ko a Amurka likitocin yara na cikin mafiya ƙarancin samu a tsakanin ƙwararru. Wanda ya ƙara shekara biyar ko shida bayan digiri don ya ƙware a kan marasa lafiyar da ba su da ko sisi, da wuya a ce kwaɗayi ne ya kai shi. Wani abin da ke korarsa ba ma albashin ba ne, gajiya ce da rubuta takardar mutuwar yaran da ya san da abu kaɗan za su tashi. Duk da haka akwai bashi a kansa, kuma ba laifi ba ne al'umma ta nemi a biya ta. Sharaɗin kawai shi ne mai neman a cika masa alkawari ya cika nasa. In za a ɗaure likita shekara 5, to a ɗaure hukuma da ba shi gurbin aiki, da albashi a kan kari, da kayan da zai yi aikin. Ɗauri na gefe ɗaya sunansa tilas, kuma mutumin da aka tsare da tilas jikinsa kawai ake samu.

Akwai kuma wani nauyi a kan likitan yara da ba a cika ambata ba, shi ne ya zama bakin waɗanda ba su da baki. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti likitan yara ne, ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya lura cewa abin da ke cika ɗakinsa a Legas cututtuka ne da ake iya tarewa tun daga ƙauye, sai ya karkata ƙarfin ma'aikatar ga riga-kafi, da shayar da nonon uwa, da ruwan gishiri da sukari, da ƙananan asibitoci, ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji. Wannan duk a tsakiyar tsuke bakin aljihu na zamanin SAP. Muna son mu ga ranar da ƙungiyoyin likitoci za su tayar da jijiyar wuya a kan oksijin na ɗakin yara kamar yadda suke tayarwa a kan ariyas, domin a ranar jama'a za su tsaya a bayansu.

Mu ma marubuta da namu kason. A littattafanmu likita yakan zo ne a matsayin saurayi mai mota da gida a unguwar masu hali, ko kuma ya fito daga ɗaki ya cire tabarau ya ce wa dangi sai haƙuri, daga nan a wuce zuwa zaman makoki. Da wuya a ga mun bi shi cikin ɗakin da ƙarfe uku na dare, yara biyu na haki, tukunyar oksijin ɗaya, shi ne zai zaɓa. Haka nan ba mu cika shiga da mai karatu ofishin da fayil ɗin sayen tukunya ta biyu ya kwana wata uku a kan tebur yana jiran sa hannu ba, mu nuna masa mutumin da ke zaune a kujerar, wanda shi ma uba ne, yana sallah a sahun gaba, kuma bai taɓa jin cewa ya kashe kowa ba.