Haƙƙin Mai Murya a Kan Mai Sayen Tsohon Faifai

Tun daga shekarar 1877, sa'ad da Thomas Edison na ƙasar Amurka ya ƙago na'urar da ke kama sauti ta adana shi, har Emile Berliner ya biyo bayansa da garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai bayan shekara goma, wata mas'ala ta shigo duniya wadda magabata ba su riska ba, balle su ware mata babi a littattafan fiƙihu: mutum ya rasu, an yi masa sutura, an raba gadonsa, amma muryarsa tana nan daram, da numfashinta da gyaranta, ana cinikinta a kasuwa tare da sauran haja. Haƙiƙa rubutu ma yakan wanzu bayan marubucinsa, sai dai shi rubutu mai karatu ne ke ara masa murya, faifai kuwa da bakin mai shi yake magana, ba ya ƙara harafi, ba ya rage harafi.

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban tulin faya-fayan gwanjo ya san yadda al'amarin yake. Kwalayen sun sha ƙura, wasu gara ta ci gefensu, wasu ruwan damina ya bar musu tabo. Mai saye ya zaro faifai a hankali, ya tallabe shi ta baki-baki da tafukan hannu don kada yatsa ya taɓa layukansa, ya karkata shi wajen haske yana neman karce, sa'an nan ya daidaita shi da ido ya ga ko zafi ya tanƙwara shi. Akwai na dauri masu nauyi, masu juyi 78 a minti ɗaya, waɗanda in sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Akwai kuma na roba masu juyi 33 da sulusi, irin waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, masu ɗaukar wajen minti ashirin a kowace fuska. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne sunan da akan tarar an rubuta da biro a kusurwar kwali, sunan wanda ya fara mallakarsa, domin galibi irin waɗannan kaya ba sa fitowa kasuwa sai bayan mai su ya kau, magada sun share ɗaki. Ashe mamata biyu ne ke cikin cinikin, wanda ya rera da wanda ya saya ya adana.

Ba na shakkar alfanun da ke cikin wannan nema. A zamanin da kamfanonin EMI da Decca da Philips ke buga faya-fayai a Nijeriya, an ɗauki muryoyin makaɗa da yawa, cikinsu har da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kuma saurayin da ya tashi da waya a hannu, in Allah ya haɗa shi da ɗaya daga cikin waɗannan, zai ji Hausar da ta fara ƙaranci a bakin mutane, da kirarin sarakuna, da sunayen attajirai da direbobi da garuruwan da tarihin makaranta bai kula da su ba.

Sai dai makaɗin Hausa, kamar yadda kowa ya sani, da yabo da zambo yake tafe, kuma a nan ne mas'alar take da nauyi. A zamanin da babu na'ura, zambo magana ce ta lokacinta: an yi ta a ƙofar fada ko a dandalin biki, wanda aka yi wa ya ji zafi, ya kai ƙara ko ya aika da kyauta, manya suka shiga tsakani, aka sulhunta, iska ta kwashe sauran. Makaɗin da kansa yana iya tsufa, ya yi nadama, ya nemi gafarar wanda ya muzanta, ya daina rera wannan baiti har ya koma ga Mahaliccinsa. Faifai kuwa bai san tuba ba. Duk ranar da aka ɗora masa allura sai ya maimaita cin mutuncin da sabon ƙarfi, alhali mai faɗa da wanda aka faɗa wa duk suna kwance a maƙabarta, babu mai ikon janyewa, babu mai ikon yafewa. Ya tabbata a hadisi cewa ayyukan ɗan Adam suna yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Ya kuma tabbata cewa wanda ya assasa mummunar hanya yana da kamasho a zunubin masu binta. Hisabin mamaci yana wurin Ubangijinsa, Mai yalwar rahama, amma hannun da ya sauke allurar hannun rayayye ne, mukallafi, wanda alƙalami bai ɗauke daga kansa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa sauraro littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma duk da sassaucin da aka san shi da shi a wannan babi, bai halatta sauraron waƙar da ke keta irilin Musulmi ba, ya kuma ɗauki mai saurare abokin tarayyar mai faɗa.

Labarin mawaƙi William Onyeabor na Inugu ya isa abin lura. Ya buga faya-fayansa da kansa tsakanin 1977 da 1985, daga nan ya juya wa kiɗa baya, ya duƙufa ga addininsa na Kirista da kasuwancinsa. Masu farautar tsofaffin faya-fayai na Turai da Amurka suka tono su, farashinsu ya yi sama, har kamfanin Luaka Bop ya tattara wasu waƙoƙinsa ya fitar a 2013, bayan doguwar bibiya da neman yardarsa. Ya yarda aka buga, amma ya ƙi sakin baki a kan wancan zamani na rayuwarsa har ya rasu a 2017. Shi an iske shi da rai, an tambaye shi, ya zaɓi abin da zai bayar da abin da zai riƙe. Mafi yawan muryoyin da ke cikin tulin gwanjo ba su sami wannan dama ba.

Akwai masu tsantseni da za su ce a farfasa su kowa ya huta, ni kuwa ban ga dacewar haka ba. Malaman lugga da nahawu sun kiyaye waƙoƙin zambon da Jarir da Farazdaƙ suka yi wa juna a zamanin Banu Umayya, duk da munin da ke cikin wasunsu, saboda hujjojin Larabci da labaran ƙabilu da suka ƙunsa, sai dai sun ajiye su a hannun ɗaliban ilmi, ana karanta su da sharhi. Tsakanin adanawa da yayatawa akwai tazara mai nisa. Wanda ya sayi faifai ya wanke shi, ya sa masa sabon kwali, ya saurara a ɗakinsa don ya san harshe da tarihi, ya yi wa mawaƙin addu'ar gafara, ya riƙe amana. Wanda kuwa ya yanko baitin zambo shi kaɗai, ya juye shi a waya, ya watsa a intanet don a yi dariya, to ya tuna cewa mutumin da aka ambata da suna da lakabi a cikin baitin yana da jikoki a raye, suna zuwa makaranta da masallaci, kuma su ma wayar tana hannunsu.