Idan Tsohuwa Ta Kasa Haɗiya

A wurin Bahaushe, ɗan da aka ce ya bar uwarsa da yunwa ya gama zubar da mutuncinsa, ko nawa ne dukiyarsa. Haka yake a Kano, haka yake a ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno har Abu Na'ama, inda jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke noman dawa da riɗi. Galibinsu Musulmi ne, mu kuwa masu bi ne, amma umarnin girmama uba da uwa bai raba mu ba. To, idan gigin tsufa ya kama uwa har ta kasa haɗiye abinci, ko ta datse baki ta kau da kai, mene ne girmamawa take bukata? A yi mata ɗura, ko a ƙyale ta?

Sai mu fara sanin cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba kuwa taurin kai ba. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa mafi yawa a 1906. Ciwon yakan fara da mantuwar sunaye, ya ƙare da mantuwar abin da jiki ya iya tun ranar haihuwa. Akwai hanya biyu a maƙogwaro, ɗaya ta ciki, ɗaya ta huhu, duk lokacin haɗiya kuwa ta huhu takan rufe. Idan ƙwaƙwalwa ta gaza, rufewar takan makara, sai ruwa ko kunu ya bi hanyar numfashi. Wani lokaci tsohuwa takan ƙware ta yi tari. Wani lokaci ko tarin babu, sai dai muryarta ta jiƙe, bayan kwana biyu zazzaɓi ya taso, ciwon huhu ya kama ta.

Saboda haka ɗura, wadda iyayenmu suka saba yi wa jarirai, tana iya zama ajalin tsohuwa. 'Yar da ta kwantar da uwarta ta tsiyaya mata kunu tana kuka, ƙauna ce ta sa ta, babu shakka. Amma ina ganin akwai tsoro a ciki ma, watau tsoron abin da dangi da maƙwabta za su faɗa. Kwanon da ya koma madafa babu kome shaida ce a gaban mutane, ita kuwa tsohuwa ita ce ta biya kuɗin shaidar da numfashinta.

Wani zai ce a kai ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci ko ta ciki. Robar tana da amfani ga wanda ake sa ran zai warke, misali mai shanyewar jiki. Amma ga wanda gigin tsufa ya kai ƙarshe, binciken da Thomas Finucane da abokansa suka buga a Amurka a 1999 bai sami shaidar cewa tana ƙara kwana ko hana ciwon huhu ba, gama yawu da abin da ya taso daga ciki suna iya shiga huhun duk da haka. Sau da yawa kuma sai an ɗaure hannun tsohon don kada ya fizge ta. A 2014 ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta ba da shawara a ciyar da irin wannan majinyaci da hannu, a hankali. Iyalin Abu Na'ama da ba su da halin zuwa Sinja ko Wad Madani, kada zuciyarsu ta kashe su a kan roba.

Amma kada kowa ya ɗauki maganar nan ta zama masa mafaka. "A ƙyale ta" kalma ce mai daɗi ga wanda ya gaji. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023, ya kai Wad Madani a ƙarshen shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, gidaje da yawa sun san auna tsaba da ƙirga bakuna, a irin wannan hali kuwa rabon wanda ba ya iya roƙo shi ne ake fara ragewa. Kafin a ce tsohuwa ta ƙi ci, a duba bakinta. Haƙori mai ciwo, ko farin kumfa a harshe, ko taurin bayan gida, ko zazzaɓin sauro, duk suna hana ci, duk kuwa suna da magani.

Ciyarwa da hannu ta fi ɗura wahala nesa. A zaunar da ita miƙe, haɓarta ƙasa kaɗan, sa'ad da take farke sosai. A ajiye agashe da busasshiyar kisra, a kawo asida mai laushi da miyar kuɓewa, ko kunu mai ɗan kauri, gama tsinkakken ruwa ya fi saurin kuɓucewa. Ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin na biyu. Idan ta kau da kai a dakata, a sake gwadawa an jima. In an gama a duba kumatunta ko ta ɓoye loma, a wanke bakin, ta zauna rabin awa kafin ta kwanta. Rabin kwano yana iya cin awa guda, sau biyar a rana. Aikin kuwa kusan kullum yakan faɗa kan 'ya mace ko matar ɗa, alhali umarnin bai ware maza ba. Ɗan da yake aiko kuɗi daga Jidda ya yi kirki, amma na gida ya karɓi cokalin ko sau ɗaya a yini.

Ranar tana zuwa da ko cokali ɗaya ba za ta karɓa ba. A kwanakin ƙarshe jiki yakan daina neman abinci, abin da ya fi damun majinyaci shi ne bushewar baki. Sai a jiƙa tsumma mai tsabta a shafa mata a leɓe, a sa ɗan man shanu. Masu wannan ciwo sukan manta harshen da suka koya daga baya su koma na yarinta, saboda haka tsohuwar da ta yi shekara sittin tana ciniki da Larabci tana iya daina gane shi. A samo wanda Hausarsa ba ta gudu ba, ya zauna kusa da kunnenta ya ce, "Inna, ga ruwa."