Hankalin Mai Ciwon Ajali: Tsakanin Mofin da Kalmar Shahada

Unguwar Hubbare da ke birnin Sakkwato ta samo sunanta ne daga makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya baro Sifawa ya zauna a Sakkwato a 1815, ya yi jinya, Allah ya karɓi ransa a 1817. Cikin masu ziyarar wurin a yau ba a rasa dangin masu ciwon daji, wato sankara, da ke kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda cutar ta riga ta yaɗu a jikinsu har gashi da allurai suka daina yi mata tasiri. Abin da ya rage wa irin wannan majinyaci shi ne jinyar sassauci, wato kulawar da ba ta nufin warkarwa, sai dai rage raɗaɗi da amai da sarƙewar numfashi, tare da kwantar da hankalinsa da na iyalinsa. Tsarinta na zamani ya faro ne daga gidan jinyar da Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967, kuma a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin raɗaɗin sankara, na ƙarshensu shi ne mofin, wanda ake samu daga afiyun.

A kan wannan magani ne iyalai ke jin nauyi, domin suna tsoron kada ya zama abin maye da shari'a ta hana, kuma suna tsoron abin da ya fi wannan, wato kada barcin da yake sawa ya ƙwace wa mutum hankalinsa a sa'ar da za a laƙƙana masa kalmar shahada. Tsoro na farko malaman Malikiyya sun daɗe da warware shi, tun da Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya bambanta abin da ke sa maye tare da nishaɗi, kamar giya, da abin da ke gusar da ji da gani gaba ɗaya ya kwantar da mutum, kuma fuƙaha'un mazhabar sun halatta irin na biyun idan za a yanke gaɓar da ta ruɓe. Jinya kuwa ba baƙuwa ba ce a karatun Sakkwato, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, ya yi rubuce-rubuce kan magunguna.

Tsoro na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda yana ɗauke da zaton cewa raɗaɗi yana barin hankali a inda yake, magani ne kaɗai ke ɗauke shi. Wanda sankara ta shiga ƙashinsa, yana kwana yana juyi, ba shi da natsuwar da zai yi salla ko da a kwance, balle ya riƙe zikiri ko ya gane mai gaishe shi, kuma kiran wannan hali haƙuri rashin adalci ne ga kalmar, domin haƙuri aiki ne na zuciya mai sanin abin da take ɗauka, ba ƙin shan magani ba. Mofin da aka auna daidai, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan gwargwadon zafin ciwon, yakan sa gyangyaɗi a kwanakin farko sannan jiki ya saba, majinyaci ya dawo yana magana da 'ya'yansa. Niyya ita ce iyaka: ba da shi don rage azaba jinƙai ne, ba da shi don gaggauta mutuwa kisa ne.

Akwai kuma wata hanya da ake ƙwace hankalin majinyaci ba tare da allura ba, ita ce ɓoye masa gaskiya, inda dangi ke roƙon likita ya yi shiru, su kuma su ci gaba da cewa "da sauƙi" da "Allah ya ƙara afuwa". Tausayi ne ke sa haka, amma fiƙihu ya rataya hukunce-hukunce a kan ciwon ajali, wato cutar da galibi ke kai mai ita ga mutuwa. A mazhabar Malikiyya kyautar da irin wannan mutum ya yi ba ta zarce sulusin dukiyarsa ba sai da yardar magada, auren da ya ɗaura a wannan hali ɓatacce ne, matar da ya saka kuwa tana gadonsa ko da iddarta ta cika. Wanda ba a sanar da shi matsayinsa ba, zai iya rabar da gona ko ya furta saki bisa zaton zai tashi, ya bar bashin da bai ambata ba da ajiyar mutane da babu wanda ya san inda take, rigimar kuma ta koma gaban alƙali bayan sadakar uku.