Daga Ruwan Tsufana Zuwa Ambaliyar Mokwa: Ko Kowane Bala'i Hukunci Ne?

Turawa suna da wata kalma, cataclysm, wadda ba sa ɗora ta a kan ƙaramar asara. Sai abu ya zo da ƙarfi farat ɗaya, ya rushe gari ko ya kifar da mulki, har zaman mutane ya sāke kama, sannan suke kiransa da wannan suna. Matasanmu da ke karatun Turanci suna cin karo da ita a jarida, amma kaɗan ne suka san cewa labarin Nuhu ne a ƙunshe cikinta.

Asalinta daga harshen Helenanci ne, kataklusmos. Gaɓar farko, kata, tana nufin ƙasa ko gangarowa, sauran kuma daga kalmar da ke nufin wankewa ne, ko kwararar ruwa da ƙarfi. Ma'anarta ta farko ke nan: ruwan da ya gangaro ya share kome. Wajen ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan birnin Iskandariya a Masar suka fara juya Attaura daga Ibrananci zuwa Helenanci. Da suka iso kan kalmar mabbul a Littafin Farawa, wato ruwan zamanin Nuhu, sai suka zaɓi kataklusmos. Ita ce kuma kalmar da ke cikin Matiyu 24:38-39, da Luka 17:27, da 2 Bitrus 2:5. Daga Helenanci ta shiga Latin, ta bi ta Faransanci, ta iso Turanci a ƙarni na 17. Da tafiya ta yi nisa ta bar ruwa kaɗai, ta zama sunan girgizar ƙasa da yaƙi da duk wata babbar halaka. A Hausa, ruwan nan na Nuhu shi muke kira Ruwan Tsufana, waɗansu kuma su ce Ɗufana, daga kalmar Larabci ɗufan.

To, me ya sa asalin kalma zai dame mu? Domin tunanin da ke cikinta yana nan a zukatanmu, ko ba mu taɓa jin ta ba. Ruwan Tsufana hukunci ne, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Saboda haka duk lokacin da ruwa ya ci gari, akwai masu saurin cewa lalle mutanen garin sun yi wani abu.

Mun ji irin wannan magana kusa da gida. Daren 28 ga Mayu 2025 aka kwana ana ruwa a Mokwa, garin da masu tafiya kudu daga Kontagora suke ratsawa kafin su haye Kwara a Jabba. Kafin gari ya waye ranar 29, ambaliya ta afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. An tabbatar da mutuwar mutum fiye da 150, ɗaruruwa suka ɓace, dubbai suka rasa matsuguni. Da yawa ruwan ya same su suna barci, har da ƙananan yara. Tambayar da ke gaban kowane gidan Kirista ita ce: za mu iya duban waɗannan gawawwaki mu ce Allah ne ya yanke musu hukunci?

Labarin Nuhu da kansa ya hana mu faɗin haka. Wanda ya tsaya a Farawa sura 7 bai gama karatu ba. A sura 9 Allah ya ƙulla alkawari da Nuhu da zuriyarsa da dukan mai rai, cewa ba zai ƙara hallaka duniya da ruwa ba, ya kuma sa bakan gizo ya zama shaida. Ruwan Tsufana sau ɗaya aka yi shi, kuma Allah ne da bakinsa ya bayyana dalilinsa. Ba wanda Allah ya bayyana wa dalilin ambaliyar Mokwa. Wanda ya ce ya sani, ya sa wa Allah magana a baki. Abin da abokan Ayuba uku suka yi ke nan, suka nace cewa wahalarsa sakamakon zunubinsa ce, a ƙarshe kuwa su Ubangiji ya tsauta wa (Ayuba 42:7).

Ubangijinmu Yesu ma an kawo masa irin wannan zance. A Luka 13:1-5 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya tambaya ko sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi. Ya ce a'a, sannan ya juya maganar kan masu sauraronsa, ya kira su ga tuba. A nan darasin yake: bala'in da ya sami wani dalili ne na in binciki raina, bai ba ni kujerar alƙali a kan wanda ya mutu ba. Hausa ma ta taimake mu a nan. Bala'i a asalinsa na Larabci gwaji ne, masifa kuma abin da ya faɗo wa mutum. Babu ɗayansu da ke nufin sakayyar laifi.

Wani zai ce, in ba hukunci ba ne, ashe ƙaddara ce kawai, sai mu naɗe hannu. Wannan ma kuskure ne, kuma Turai ta yi wannan muhawara tun da daɗewa. Ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar Idin Dukan Tsarkaka, girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na Fotugal da safe, mutane na cikin majami'u. Teku ya biyo baya, gobara ta ƙarasa, dubban mutane suka hallaka. Waɗansu masu wa'azi suka ce fushin Allah ne, waɗansu masana suka ce ai wannan ya nuna ba mai kula da duniya. Sai masani Rousseau, a wata wasiƙa ta 1756, ya jawo hankali ga abin da ɓangarorin biyu suka tsallake: mutane ne suka cunkushe kansu wuri ɗaya cikin dogayen benaye, shi ya sa asarar ta kai haka.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba, amma magudanar ruwa a hannunmu take. Mu ne muke zuba shara da leda a kwalbati, mu ne muke sayen fili a bakin rafi don araha, mu ne muke sare itatuwa mu mai da su gawayi har ƙasa ta kasa riƙe ruwa. Akwai kuma masu riƙe da amanar jama'a da ke ba da izinin gini a hanyar ruwa, ko su bar aikin magudana a takarda. Hukumar NiMet da hukumar kula da ruwaye ta NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Nawa ne cikinmu suke saurara? In akwai zunubin da ya kamata a nema bayan ambaliya, a nan za a same shi, kuma sau da yawa masu shan wahalarsa ba su ne suka aikata shi ba.

Abin da Ibraniyawa 11:7 ya yaba wa Nuhu shi ne, an gargaɗe shi a kan abin da ba a gani ba tukuna, ya ji tsoron Allah, ya sassaƙa jirgi domin ceton iyalinsa. Bangaskiyarsa ta fito a aikin katako da ƙaro. Haka ya kamata tamu ta fito: maigida ya duba inda ya kafa gidansa kafin damina, matasan ikilisiya su fita yashe magudanun unguwa, dattawa su kai kuka ga hukuma tun ruwa bai sauko ba. In kuma abin ya auku, mu kai hatsi da tufafi da tabarma ga wanda ya rasa, ba tare da tambayar addininsa ko ƙabilarsa ba, gama ruwan ma bai tambaya ba.

Iyaye, sa'ad da yaranku suka tambaye ku dalilin da ya sa ruwa ya ci yara irinsu a Mokwa, kada ku ce musu laifi suka yi. Ku karanta musu labarin Nuhu har zuwa bakan gizo, ku yi addu'a tare domin waɗanda suka rasa nasu, sannan ku bar su su zaɓi abin da za su bayar da hannunsu. Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ba mu zuciyar jin gargaɗi. Amin.