Hoton Jirgin Kwal da Amanar Shaida

A ƙasar Birtaniya akwai wasu mutane waɗanda, idan hunturu ya kankama, sukan tashi tun kafin ketowar alfijir, su rataya kyamara irin ta da wadda ake ɗura wa fim, su je su tsaya bisa gada ko a gefen tudu suna dakon wucewar jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi, alhali kuwa hukumar jiragen ƙasarsu ta sallami irin wannan jirgi daga aiki tun watan Agusta na 1968. Sanyin da kowa ke gudu shi suke nema, domin a cikinsa ne tururi yake yin kauri, ya tashi fari fat a bisa kan jirgi. Wanda duk ya ga mutum yana ɗaukar hoton abin da zamani ya yi wa ritaya, da kayan aikin da su ma zamani ya juya musu baya, ba zai rasa tambayar kansa ba: shin wannan neman izina ne daga abin da ya shuɗe, ko kuwa gafala ce ta mai ƙin yarda cewa duniya gidan ƙarewa ce?

Tsirar waɗannan jirage kanta abin lura ce. Da aka daina aiki da su, sai aka sayar da dubbansu ga masu yayyanka ƙarfe su narkar. Amma wani ɗan kasuwa mai suna Dai Woodham, a garin Barry na yankin Wales, ya ga yanka tarago ya fi masa sauƙi, sai ya jingine kawunan jiragen a filinsa suna tsatsa, har masu sha'awa suka tara kuɗi suka yi ta fansarsu ɗaya bayan ɗaya, aka kuɓutar da guda 213. Tun a 1951 ma 'yan sa-kai suka karɓi layin dogon Talyllyn suka ci gaba da tafiyar da shi, daga nan al'adar ta bazu, har ya zama akawu da malamin makaranta suna ƙarar da hutunsu cikin baƙin mai da toka ba da ko sisin kwabo ba.

Ba halascin ɗaukar hoton ne mas'alarmu ba, domin mafi yawan malamai sun halatta suranta abin da ba shi da rai, kuma an ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai zane da ya koma ga itatuwa da makamantansu. Kan jirgi kuwa, duk da nishin da yake yi da hucin da yake fitarwa, ƙarfe ne da ruwa da wuta, babu ruhi a cikinsa. Har ila yau Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Misra, ya tafi a kan cewa hoton kyamara tsare inuwa ne kurum, ba ƙagen sura ba ne. Mas'alar da ta rage ta gaskiya ce da amana: wace shaida wannan inuwa take bayarwa, kuma wa take bai wa?

Hujjar masu riƙo da fim tana da ƙarfi, kuma ɗalibin hadisi zai fi kowa saurin gane ta. Tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a cikin Kitabul Manazir cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma idan ya ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu sai ya jefa surar abin da ke waje a kan bango. Fim bai ƙara kome a kan wannan ba face hanyar riƙe surar. An shafe fuskarsa da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, waɗanda haske yake sauya wa hali da zarar ya taɓa su; sa'an nan mai hoto ya shiga ɗakin duhu ya wanke, ya sami dodon hoto, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari; ya haska shi a kan takarda, ya tsoma ta a tire ƙarƙashin jar fitila, yana jijjigawa a hankali har bututun hayaƙi ya fara bayyana, sai ƙafafu, sai fuskar direba a taga. Hasken da ya faɗa a kan ƙarfen, shi ne ya taɓa azurfar, ita kuma ta isar ga takarda: isnadi ne sadajje, kowane mai ruwaya ya haɗu da wanda ya karɓa daga gare shi. Ga kuma ladabin da ƙaranci yake koyarwa, gama naɗin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, jirgi kuwa ba ya tsayawa jiran kowa, mutum ba zai san ya dace ko bai dace ba sai bayan an wanke.

To, amma malaman hadisi sun san cewa akan sami mai ruwaya wanda bai faɗi ƙarya ko guda ba, sai dai ya ɓoye wani giɓi a cikin isnadi, ya yi amfani da lafazin da zai sa mai sauraro ya zaci an haɗu alhali ba a haɗu ba. Wannan shi suka kira tadlisi. Irinsa yana aukuwa a gefen layin dogo. Masu hoto sukan haɗa kuɗi su yi hayar jirgi da layi na yini guda, a sauya lambar kan jirgin, a bar shi da dauɗa da gangan don ya yi kama da na kwanakin aiki, a kawar da motocin zamani da allunan zamani, a sa wasu su sanya tufafin kakanninsu su tsaya a tasha, sa'an nan a roƙi direba ya ja da baya ya sake tahowa, mai zuba kwal kuma ya ƙara shebur don hayaƙi ya turnuƙe. Idan aka ɗauki wannan a fim baƙi-da-fari, hoton bana sai ya fito tamkar na 1955. Babu abu guda a cikinsa da bai tsaya gaban kyamara ba, duk da haka jimlarsa tana cewa zamani bai wuce ba, wannan kuwa ba gaskiya ba ne.

Mai kare su zai ce wasa ne, kowa ya san wasa ne, ba a damfari kowa ba. Kuma lalle idan an bayyana ranar ɗauka da yadda aka shirya, zargi ya faɗi, kamar yadda tadlisi yake gushewa idan mai ruwaya ya fayyace daga wa ya ji. Abin tsoro shi ne tadlisin da mutum yake yi wa ransa, gama Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, wanda kuwa yake gudun bana yakan yi wa bara kwalliyar da ba ta taɓa yi ba. Shahararren jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, an sha sauya masa tukunya da sauran sassa, har gyaran da aka kammala a 2016 ya ci fam miliyan huɗu da ɗoriya. Sunansa da siffarsa ne suka wanzu, zatinsa kuwa yana ta gushewa ana musanyawa. Haka kuma hoton ba ya nuna bayan mai zuba kwal da ya sage, ko huhun mahaƙin da ƙura ta cinye. Mu ma muna da rabonmu a wannan tarihi, domin jirgin da ya iso Kano a 1911, ya yi ta jidar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, an shimfiɗa masa hanya daga Baro da gumin talakawan da aka ɗebo aikin tilas, kwal ɗin da ya riƙa ci daga baya kuma daga ramukan Inugu yake fitowa, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley a watan Nuwamba na 1949.

Akwai wanda ya nuna wata hanya dabam. O. Winston Link, mai hoto ɗan Amurka, ya bi jiragen kamfanin Norfolk and Western daga 1955 zuwa 1960, lokacin da tururi yake kan gargarar ƙarewa a can, yana ɗaukarsu da dare da ɗimbin fitilun walƙiya da ya jera da hannunsa. Shi ma yana tsara hotunansa ƙwarai, amma bai kori zamaninsa daga cikinsu ba: a hotonsa na garin Iaeger, na 1956, matasa ne zaune cikin motoci suna kallon majigi a fili, jirgin kwal yana wucewa ta gefe ba wanda ya waiwaye shi. Ya haɗa mai tafiya da magajinsa a takarda guda, saboda haka hoton ya zama shaida a kan juyawar kwanaki, wadda Alƙur'ani mai girma ya yi ta umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba ta a cikin kufan waɗanda suka gabace su.

Abin da ya bayyana gare ni, saboda haka, shi ne adana waɗannan jirage aiki ne na kirki, har ma nau'i ne na godiya ga hikimar da Allah ya sanya a cikin ruwa da wuta da kuma hannun ɗan Adam, ɗaukarsu a fim kuma sana'a ce mai koyar da haƙuri. Amma darajar hoton tana rataye ne ga amanar mai ɗauka, ba ga tsufan kayan aikinsa ba. Ya rubuta rana da wuri a bayan takarda, ya faɗi abin da aka shirya, ya bar 'yar makaranta mai riƙe da wayar salula ta tsaya a gefen dandamali idan nan take tsaye, ya kuma juya kyamara wani lokaci ga mutanen da suke raya wutar. Wanda ya yi haka ya bar wa na baya ruwaya ingantacciya game da ƙarni biyu a lokaci guda, wanda ya wuce da wanda yake ciki. Allah shi ne mafi sani.