Mutum Ɗaya ko Dubu: Wa Ya Fi Cancantar Ilimina?

Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Wanda ya yi niyyar digiri na biyu don ya amfani jama'a yakan tsinci kansa a mararraba: ko ya karanci kiwon lafiyar al'umma, ko ya karanci aikin jin daɗin jama'a. Ni ɗan Kakuri ne, kuma a wurina wannan zaɓi ya wuce batun takardar shaida. Tambaya ce ta ɗabi'a: wa ya fi haƙƙi a kaina, mutum ɗaya da ke gabana yana kuka, ko dubban da ba zan taɓa sanin sunayensu ba?

Hujjar kiwon lafiyar al'umma mai ƙarfi ce. A shekarar 1854, likita John Snow ya bi diddigin kwalara a birnin Landan har ya gano cewa daga famfon ruwa guda take yaɗuwa, aka cire hannun famfon. Darasin shi ne a tari cuta daga tushe, domin rigakafi ya fi magani. Wanda ya yi wannan karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana iya ceton yaran Makera da Sabon Tasha da tsari guda na tsabtace ruwa, ba tare da kowa ya gode masa ba, tunda wanda cuta ba ta kama ba bai san an cece shi ba. Idan rai daidai yake da rai, lissafi yana bayan mai ceton dubu.

Sai dai ba kowane ciwo ne ƙwayar cuta ke haifarwa ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi sahunta, magidanta suka wayi gari ba albashi. Rikicin 2000 da na 2002 kuma ya mayar da kogin Kaduna tamkar iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, kuma matakin ya dace. Amma doka ba ta zama da matashin da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, ba ta roƙon mahaifinsa ya sake buɗe masa ƙofa. Wannan aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a ne.

Tarihin shan-inna ya nuna cewa hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne. A 2003 an ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa, alhali maganin yana nan. Abin da aka rasa shi ne yarda. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, mata suka bi gida-gida, kafin a ayyana Afirka ta rabu da cutar a 2020. Ashe dubu ma da ɗai-ɗai ake samunta.

Tunda kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa, tambayar ta sauya: a ina giɓi ya fi faɗi? Malamai suna kiran irin wannan aiki faralu kifaya: idan wasu suka ɗauka ya sauka daga wuyan saura, idan kowa ya ƙi laifin ya hau kan kowa. Kiwon lafiyar al'umma yana da ƙungiyoyin duniya da kuɗi da martaba, don haka ba zai rasa masu nema ba. Aikin jin daɗin jama'a kuwa sai a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da shi a Najeriya.

Don haka na zaɓi aikin jin daɗin jama'a, ina sane da farashinsa: samu kaɗan, da yaran da wani tsari nawa zai iya karewa amma ba zan rubuta shi ba. Na amince wasu za su tsare famfon. Ni zan zauna da wanda ya riga ya sha ruwan.