Yafiya ta Mai Jini ce, Ba ta Masu Zuwa Gaisuwa Ba

Duk mazaunin Sabo ya san abin da ake fara gaya wa wanda aka kashe masa ɗan'uwa: "A yi haƙuri, a bar wa Allah." Magana ce mai kyau a zaman makoki. Sai dai sau da yawa akan biyo ta da wata: "Mu fa baƙi ne a nan, kar a ta da ƙura." Daga nan shi ke nan, maganar kotu ta mutu. To, wa yake da ikon rufe maganar jinin da aka zubar?

Addininmu bai bar tambayar a duhu ba. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta kawo ƙisasi da yafiya da diyya. Aya ta 33 a Suratul Isra'i ta ba waliyyin wanda aka kashe iko, ta kuma hana shi wuce iyaka. Ke nan yafiya kyauta ce, mutum kuwa ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Idan manya suka cika zaure, suka matsa wa mace mai takaba ta ce ta yafe alhali zuciyarta na tafasa, ai ƙwace mata haƙƙi aka yi, ko da an rufe da addu'a.

A nan Kudu kuwa tsarin daban yake. Shari'ar kisan kai tsakanin gwamnatin jiha ce da wanda ake tuhuma, dangin mamaci iyakarsu shaida. 'Yan sanda kan tura fayil ma'aikatar shari'a don neman shawarar lauyoyin gwamnati, kuma sashe na 211 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye ƙara. Fayil ɗin da ba mai bibiya kwanciya yake yi a ofis. Amma fa ƙofa ba a kulle take ba. Dangi na iya ɗaukar lauya ya riƙa zama a kotu yana sa musu ido. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 319, ta ba alƙali damar sa mai laifi ya biya wanda aka cuta, jihohi ma sun yi tasu irinta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke kyauta. Sannan gaggauta jana'iza sunna ce, amma a samu rahoton likita tukuna, don in babu shi, tabbatar da abin da ya kashe mutum a gaban alƙali yakan yi wuya.

Ba mu manta da rikicin kasuwar Shasha a nan Ibadan ba, a Fabrairun 2021. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta komawa Kano ba. Gwamnoni sun yi jaje, an yi ta kuka a rediyo da Facebook. To amma jaje na kwana ɗaya ne, shari'a kuwa ta shekaru ce. Ranar da aka ɗage zama karo na goma, wa ke raka marayu?

Dattawan da ke cewa a yi shiru ba mugunta ce ta sa su ba. Sun ga tashin hankali da idonsu, suna tsoron ƙaramar magana ta cinye rumfuna da rayuka. Muna girmama wannan. Sai dai kotu ita ce maganin ramuwar gayya. In aka toshe wa mai jini hanyar alƙali, ɓacin ransa ba ya gushewa, matasa ne za su ɗauke shi su fita da shi titi. Wanda ya kashe ya kwana lafiya kuwa, an koya masa cewa jininmu arha ne. Batun baƙunta ma, tun 1916 aka kafa Sabon nan. Mutanen da suka binne kakanninsu a gari sun wuce a kira su baƙi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗin likkafani, mu haɗa asusun lauya da kuɗin motar shaidu a ƙarƙashin fadar Sarkin Hausawa. A wakilta mutum biyu ko uku masu karatu su riƙe ranar kowane zama, su riƙa sanar da dangi. In bayan haka mai jini ya ce ya yafe don Allah, da bakinsa kuma da son ransa, ladansa na wurin Ubangiji.

Sharaɗi ɗaya ne: mudun da muke so a auna mana, da shi za mu auna wa wasu. Ranar da ɗanmu ne ya kashe ɗan maƙwabcinmu Bayerabe, kar a ɓoye shi a motar shanu mai komawa Arewa. Uwar wancan ma mai jini ce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon tsayawa kan gaskiya.